Shekarar da Baba Tsoho Ya Daina Cin Kasuwar Illela

Kakana, Baba Tsoho, dillalin shanu ne a karar Illela. Ba shi da garke, ban da 'yan tumakin da kakata ke kiwo a bayan ɗaki, amma dukiyar da ke ratsa hannunsa kowace Lahadi ta fi ƙarfin lissafin yaro irina. Adarawa da Buzaye da Fulani su koro shanu daga wajen Tawa da Abalak, su tsallako ta Ƙonni. Fatake su taso daga Ibadan da Legas da kuɗi ɗaure a ƙugu. Shi kuwa ya tsaya a tsakani. Mai saniya bai san mai saye ba, mai saye kuma ba shi da tabbacin ko ta sata ce. Abin da su biyun suka sani shi ne Baba Tsoho. In ya ce albarka, to tayi bai kai ba. In ya ce an sallama, magana ta ƙare. In aka ɗaga wa falke ƙafa zuwa kasuwa mai zuwa, a wuyansa bashin yake.

Ran Asabar da hantsi yake barin garinmu Tozai, sai Litinin ya dawo, aljihu cike da goro, hannu riƙe da ƙunshin tsiren da mu jikoki muke tarba tun daga bakin gari. La'adar da yake samu ba wata mai yawa ba ce. Abin da ya fi la'ada shi ne zauren gidanmu ba ya rabuwa da baƙi a sauran kwanakin mako. Wannan ya zo a raba masa rigima da abokin ciniki, wancan yana tambaya ko ya sayar da ragonsa yanzu ko ya jira Layya, wani kuwa hira kawai ta kawo shi. Ni ke kai musu ruwa da ƙwaryar fura, don haka na sha jin karatun da yake yi wa matasan dillalai. Wanda ya fi nanatawa shi ne kada a fara da duba ƙibar saniya, a fara da duba zamanta cikin 'yan uwanta. Wadda ta ware gefe, ta sunkuyar da kai, ta daina tuƙa, ko fatarta na sheƙi akwai ciwo a cikinta. Duk yaron da ya tashi a yankinmu ya san wannan a kan dabba. A kan mutum ne babu wanda ya koya mana.

Sai ga shekaru masu nauyi sun zo a jere. A 1983 ciwon bushiya ya shiga garkuna, shanu suka yi ta zubewa a Arewa. Daminar 1984 ta yi gardama, gero ya ƙone a tsaye. Tsakanin waɗannan biyun kuma, a watan Afrilu na 1984, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta canza launin takardun naira, aka ba mutane abin da bai kai mako biyu ba su kai tsofaffin kuɗi banki. Mutumin Sakkwato ko Kano wahalar layi ya sha. Makiyayin da ya sayar da shanunsa a Illela ya koma daji can arewa da Tawa da naira a jaka, shi kam takarda ce ta mutu a hannunsa. A tsallaken iyaka har yau akwai dattawan da ke kiran yunwar wannan lokaci El-Buhari.

Kara ta yi sanyi. Wani falke da Baba Tsoho ya tsaya wa a kan shanun wani Ba'adare ya tafi kudu bai dawo ba, ko hasara ya yi ko mutuwa, Allah masani. Baba Tsoho bai tsaya dogon tunani ba, ya sayar da gonarsa mafi kyau ya biya mutumin har kwabon ƙarshe. Babu wanda ya zarge shi, yabo ma ya sha. Ba a jima ba kakata, uwargidansa da suka yi kusan shekara hamsin tare, ta kwanta 'yar gajeriyar jinya ta rasu.

Bayan sadakar arba'in babana da ƙannensa suka taru suka yanke shawarar da kowa a gari ya sa wa albarka: Baba ya tsufa, ya sha wahala, daga yau ya zauna ya huta, su za su ɗauki komai. Baffana ya karɓi rumfarsa a kara. Sauran gonar aka ce kada ya ƙara taka ta. Hatta hatsin da ake fitarwa daga rumbu, wanda tun da na yi wayo shi ke auna shi da hannunsa, aka miƙa wa babana. Da ƙauna aka yi, kuma da ba su yi ba da gari ya zage su.

Abin bai zo masa rana ɗaya ba. Goro ya fara bari, shi da ba a ganin bakinsa fari. Rediyonsa, wadda ba ya bari labaran Kaduna da na BBC su wuce shi a cikinta, batir ya ƙare bai ce a sayo ba. Baƙi su yi sallama a zaure, ya aiko ni in ce yana barci, alhali yana zaune bakin gado yana kallon bango. Tun suna dawowa har suka rage, daga baya suka koma wajen baffana, tunda can kara take. Furar da ake dama masa da rana sai ta kai la'asar a rufe, a ƙarshe mu yara mu shanye. Ɗakin da nake kwana yana manne da nasa, nakan ji motsinsa tun dare bai raba sosai ba, ba salla yake ba, ba tasbihi ba, zama kawai har a kira asuba.

Ni abin da ya fi taɓa ni wasa ne. A da ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ya ce na zo ƙwace masa mata, in kawo sadaki ko ya kai ni gaban alƙali. In na dawo daga makarantar boko ya ce ga malamin da bai san farashin akuya ba. Wasan kaka da jika ke nan, kowane gida ana yi. Yanzu in na shiga na fara tsokanarsa sai ya ɗago ido a hankali ya ce, "Tahi ka yi wasa, yaro." Bai taɓa kirana yaro ba sai a wannan lokaci.

In babana ya durƙusa ya ce, "Baba, mi ka damunka?" amsa ɗaya ce: "Ba komi. Jiki na dai." In an matsa sai ya ce tsakar kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, ƙafafu ba ƙarfi, abinci ba ɗanɗano. Aka bi kowanne da maganinsa. Malam ya yi rubutu, aka jiƙa sassaƙe, wanzami ya zo ya yi ƙaho, aka kai shi Illela aka yi allurai aka haɗo da maganin ƙarin jini. Ba wanda ya yi sakaci. Kowa ya yi maganin abin da aka ambata masa.

Gari kuma ya rabu a kan fassara. Mafi yawa suka ce tsufa ne, wa ya taɓa maganin tsufa? Wasu mata suka yi ta raɗa cewa abokan hamayya a kara ne suka yi masa sammu. Dattawan masallaci kuwa yabo suka mayar da abin: bawan Allah ya saki duniya ya fuskanci lahira. Wannan fassara ta ƙarshe ta fi kwantar wa 'ya'yansa da hankali, amma ko a lokacin, da ƙuruciyata, na ga ba ta zauna daidai ba. Wanda ya saki duniya don Allah masallaci yake ƙara kamawa. Baba Tsoho kuwa, mutumin sahun farko, ɗaki ya koma yana salla, daga baya ma sai an tuna masa lokaci ya yi. Kuma ba gigin tsufa ba ne, don bai manta komai ba. Da ma ya manta. Zama yake ya lissafa cinikin shekara ashirin da suka wuce, saniya kaza, kuɗi kaza, ya ƙare da cewa ya ci amanar mutane. A tuna masa cewa ya sayar da gona ya biya, ya girgiza kai kamar ba a fahimce shi ba.

Wata rana na ji yana ce wa gwaggona, "Ni kam mi nika jira? Na zama kaya." Ta ce, "Haba Baba, a yi haƙuri." Iyakar hirar ke nan. A wajenmu in aka ce a yi haƙuri an rufe magana, kuma mai ciwon ya san an rufe.

A watan Maris na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe iyaka. Baffana ya shigo da murna yana ba shi labarin shanun da suka fara tsallakowa, yana tambayarsa ko ya tuna wane da wane, sun ce a gaishe shi. Ya ce, "To." Kafin ruwan wannan shekara ya sauka ya rasu, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Duk wanda ya tambayi abin da ya same shi aka ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kwana ya ƙare.

Na girma, na zama malamin makaranta a Sakkwato, sannan wata rana na ji wani likita a rediyo yana bayanin ciwon damuwa. Ya ce ba baƙin cikin kwana biyu ake nufi ba, wanda kowa kan yi ya warware. Ana nufin mutum ya shafe aƙalla mako biyu, kusan kullum, zuciya a dagule ko kuma ya daina jin daɗin duk abin da a da yake so; barci ya lalace, musamman farkawa tun cikin dare; abinci ya fita ransa; kasala ta rufe shi; ya riƙa ɗora wa kansa laifin da bai kai haka ba; ya riƙa ganin mutuwa ta fi masa. Ya ƙara da cewa tsofaffi ba kasafai suke cewa ransu a ɓace yake ba, da ciwon jiki suke zuwa, shi ya sa ake yawan wuce su. Ni ba likita ba ne, kuma ba a auna mamaci. Amma likitan nan bai ambaci alama ɗaya da ban gani a ɗakin da ke manne da nawa ba.

Daga nan na fara bin lissafin masana. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayanin da ta fitar a 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 280 ke fama da ciwon damuwa a duniya, kuma a cikin waɗanda suka haura shekara 60 kashi 5.7 cikin 100 ne. Wasu nazarce-nazarcen da suka tattara bincike daga ƙasashe da dama sun kai lissafin kusan tsoho ɗaya cikin uku. Tazarar ba ƙarya ba ce daga wani ɓangare, ma'auni ne ya bambanta: in aka bi mutane da 'yar takardar tambayoyi ana neman alamomi, adadin kan yi sama, in aka zauna da kowa aka tantance irin yadda likita ke yi, sai ya sauko. Ko da ƙaramin aka ɗauka, mutanen da suka kai 60 a duniya sun kai biliyan 1 a 2020, ana kuma sa ran su kai biliyan 2.1 a 2050, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Hukumar ta kuma ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kashe kansu a duniya 'yan shekara 60 ne zuwa sama. Mu a nan ko ambaton wannan ba ma so. Ni dai na ga yadda tsoho kan juya wa ƙwarya baya, a hankali, ba tare da kowa ya kira abin da wani suna ba.

In na kawo wannan zance a majalisa, ba a rasa mai cewa ai cutar Turawa ce, su da ke kai iyayensu gidan tsofaffi su manta da su. Mu kuwa tsohonmu yana tsakiyar 'ya'ya da jikoki. Amsata ita ce binciken Ibadan. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun bi tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama gida-gida a jihohin da ake jin Yarabanci, suka buga sakamakon a mujallar The Lancet a 2007. Kimanin kashi 26 cikin 100 sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kimanin kashi 7 kuma a cikin shekarar da aka yi tambayar. Waɗanda suka taɓa samun wani magani a cikinsu ba su kai rabi ba. Yarabawa ke nan, waɗanda ɗansu ke kwanciya rub da ciki ya gaida ubansa. In girmamawa da cikar gida na hana wannan ciwo, da su ya fara hanawa. Gidanmu ma a lokacin mutum fiye da talatin ke kwana a ciki. Ba mutane Baba Tsoho ya rasa ba. Masu buƙatarsa ya rasa.

Na mata ya fi ɓoyuwa, kuma lissafin duniya ya nuna ciwon ya fi yawa a cikinsu. Mace in mijinta ya rasu, wata huɗu da kwana goma na takaba gida ba ya rabuwa da masu gaisuwa. Ranar da ta fita takaba kowa ya koma harkarsa, ranar ce kuma zaman kaɗaici ke farawa. A unguwarmu akwai wata tsohuwa da ba ta bar ɗa a raye ba. Ta daina fita biki da suna, ta daina gyara ɗaki, wani lokaci a ji tana magana ita kaɗai. Ba a ce mata ta saki duniya ba, wannan yabon na maza ne. Ita mayya aka ce, aka hana mu karɓar ko gyaɗa daga hannunta, wanda hakan ya ƙarasa yanke ɗan zaren da ya rage tsakaninta da mutane.

Akwai kuma masu cewa rashin tawakkali ne, mai imani ba ya shiga wannan hali. Wannan magana ta fi ɓata mini rai, don tana ƙara wa mai ciwo laifi a kan laifin da ya riga ya ɗora wa kansa. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya koya masa tawakkali. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, a littattafan tarihi Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta. Wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko hasara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili ya hana shi walwala, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Sama da shekara dubu ke nan. Ba Bature ne ya fara faɗa ba.

Abin ya sake zagayowa gidanmu a 2023, ta kan gwaggon nan da ta ce wa Baba a yi haƙuri. Ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa, amma mace ce mai kazar-kazar. Daddawa take yi, kuma daddawarta ta yi suna har a ƙauyukan tsallake, inda 'yarta ke aure kusa da Ƙonni. A farkon shekarar aka shiga ƙarancin takardun naira, ciniki ya tsaya, don ba wanda zai tura kuɗin daddawa ta waya. A ƙarshen Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, aka rufe iyaka. Ba a daina tsallakawa ta hanyoyin daji ba, kowa ya sani, sai dai kuɗin babur ya ninka, ga tsoro, don haka 'yarta da jikoki suka daina zuwa. Ga labarin 'yan bindiga daga Sabon Birni da Isa da Goronyo, wanda ya sa ko inda ba a kai hari ba ake rufe ƙofa da wuri, hirar dare ta mutu, zuwa biki wani gari ya zama abin shawara. 'Ya'yanta maza suna Legas da Fatakwal. Suka yi abin da 'ya'yan kirki ke yi: suka ce Inna ki bar wahalar kalwa da hayaƙi, duk wata za mu turo ta wajen mai POS. Ta bari.

Da na je gida bayan kaka na tarar da tukwanen a kife, ita kuma a ɗaki da rana tsaka. Ba ta tambaye ni matata da yara ba, ita da ke bin su ɗaya-ɗaya da suna. Matar da ke kula da ita ta ce tuwo sai an yi da gaske take cin loma uku, kuma tun tsakar dare take zaune.

Babban ɗanta taubashina ne, akwai wasa tsakaninmu, kuma wasan nan ya yi rana, don abin da na faɗa masa a waya da wani ne ya faɗa da an yi faɗa. Ko da haka sai da ya tashi. "Kai, so kake a ce uwata ta taɓu? Kware za ka kai ta?" Duk ɗan Sakkwato ya san abin da ake nufi in an ce Kware. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana can, a kan hanyar nan da muke bi daga Illela zuwa Sakkwato, kuma sunan garin ya zama abin tsokana tun muna yara. Wanda aka ga ya shiga ƙofar nan, ko ciwon kai ya kai shi, sai an tuna wa jikokinsa ranar neman aure. Na ce masa ni ban ce ta haukace ba, na ce irin ciwon Baba Tsoho ne, kuma shi ma yana da wayo lokacin. Ya yi shiru. Muka daidaita a kan in kawo ta Sakkwato a duba hawan jininta, wanda da ma tana da shi.

Likitan da ya gan ta ya auna jini, ya sa aka duba suga da wasu abubuwa, ya ce akwai cututtukan jiki da kan zo da irin wannan kama, dole a fara kawar da su. Sannan ya ja kujera ya fara tambayoyin da ban taɓa jin an yi wa tsohuwa a gidanmu ba. "Inna, da wa kike cin abinci? Daga safe zuwa azahar me kike yi? In kin farka da dare me ke zuwa miki a rai? Kina jin da ma Allah ya ɗauki ranki?" Na zaci za ta ji haushi. Sai ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Ya bar ta ta gama. Ya rubuta ƙwaya ƙarama, ya ce ba irin maganin zazzaɓi ba ne, sai ta yi makonni tana sha kafin a ga canji, kuma in ta ji sauƙi kada a tsayar, a ci gaba har watanni. Daga nan ya juyo gare ni ya tambayi sana'arta. Na faɗa masa. Ya ce, "Wa ya hana ta?" Na ce 'ya'yanta ne, don ta huta. Ya ce a mayar mata da tukwanenta, ko da riba ba za ta fito ba.

Mun yi sa'a ne, na sani. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan ciwo ba sa samun magani ko kaɗan. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga zamanin Turawa. Ba za a taɓa samun likitan ƙwaƙwalwa a kowace mazaɓa ba, shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon su fara maganinsa. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya wuce nan: ya horar da tsofaffin mata a Harare, aka ajiye musu benci a harabar asibiti, mai damuwa ya zo ya zauna su saurare shi, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne su kansu kakannin, da aka tashe su daga zaman hutu aka ce ana buƙatarsu. Da za a yi irin wannan a Illela, ba benci za a rasa ba, ba kuma tsofaffin da suka iya sauraro ba.

Na sayi buhun kalwa na kai Tozai. Makonnin farko ko kallonsa ba ta yi ba. Wata rana matar da ke kula da ita ta kira ni ta ce Gwaggo ta kwance buhun, ta ce a gaya mini an cuce ni, rabinsa tsakuwa ne, kuma wai malamin makaranta ne ni amma ban iya sayen kalwa ba. A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka, 'yarta ta zo da yara suka yi sati biyu. Ba ta koma yadda take a da ba gaba ɗaya. Akwai ranakun da take wuni a ɗaki, kuma ƙarfin daka ya tafi, sai an ɗauko 'yan mata sun taya ta. Amma tana cin tuwonta, tana rigima da masu bashi.

Har yau ba mu daidaita da taubashina a kan abin da ya tashe ta ba. Shi ya ce rubutun da ya sa wani malami ya yi ne, da kuma zuwan ƙanwarsa. Ni na ce ƙwayar ce da tukwanen, ban kuma musa nasa ba. Ita kuwa cewa take mu duka surutu muke, ba abin da ya same ta illa sanyin hunturu. Kuɗin maganin dai shi ke turowa duk wata, da sharaɗin in an tambaya a gari in ce na hawan jini ne.